Kiɗan da ba ya yabon kowa

A garin nan, in aka ce sabon kiɗa ya fito, tambaya biyu ce ke biyo baya: wa ya rera, wa kuma aka yi wa? Kunnenmu bai saba da kiɗa shi kaɗai ba. Kullum a bayan waƙa yake tafe, ita kuma waƙar tana bayan wani: ango da amarya, ɗan takara, attajiri, basarake, ko jaruman fim da za su taka rawa a kai. To ga wasu 'yan samari ƙalilan a Kaduna, irin masu kwana a gaban kwamfuta a ƙananan situdiyo na cikin unguwanni, sun fara haɗa wani abu da ba shi da mawaƙi, ba 'yan amshi, ba kirari. Ƙas-ƙas ne da ƙiris-ƙiris, da sauti mai sarƙewa yana maimaita kansa, da shirun da ke faɗowa inda ba a zata ba. Suna haɗa shi da hoto mai motsi wanda babu mutum ko dabba a cikinsa, sai layuka da ɗigo-ɗigo da launuka suna tsinkewa suna haɗewa daidai da bugun sautin. Masu abin a ƙasashen waje suna ce masa glitch, mu ce kiɗan tangarɗa. Yawancin waɗanda suka ji shi a nan hukunci ɗaya suke yankewa: ko na'ura ce ta lalace, ko kuwa yaran ne ba su da aikin yi.

Ni kam ina ganin ya kamata a ba yaran nan wuri, a saurare su. Babban dalilina kuwa shi ne abin da ake ɗauka aibunsa ne, wato kiɗa ne da ba ya yabon kowa.

Yawancin ƙyamar daga rashin sanin yadda ake yin sa take. Faifan CD, wanda ya shigo kasuwa a 1982, lambobi ne zalla a cikinsa, a kowace daƙiƙa ana auna sauti sau 44,100 ana rubutawa. In faifan ya ɗan karce, na'urar tana da dabarar cike gurbin ba tare da mai sauraro ya lura ba. In karcewar ta yi yawa sai dabarar ta gaza, na'urar ta riƙa tsalle, ta kama gaɓa ɗaya tana taunawa. Duk wanda ya taɓa sayen faifai a shekarun da ake yayinsu ya san wannan ƙarar, ya kuma san yadda ake hura wa faifan iska a goge da gefen riga. A tsakiyar shekarun 1980 wani Bajapane mazaunin Amurka, Yasunao Tone, ya fara manna wa faifai salatif da gangan don ya ji abin da na'urar za ta yi in ta rikice. A farkon shekarun 1990 wasu Jamusawa da ke kiran kansu Oval suka riƙa zane fuskar faifai da alƙalami, su naɗi tsallen da yake yi, su yayyanka, su jera, har ya zama kiɗa mai tsari, wani wurin ma mai taushi da sanyaya rai. Wani kamfanin faifai a birnin Frankfurt mai suna Mille Plateaux ya tattaro masu irin wannan aiki, kafin a kai shekara ta 2000 abin ya zama salo mai zaman kansa.

Hoton ma haka yake. Bidiyon da muke kallo a waya ko ta tauraron ɗan Adam ba cikakken hoto ake aikowa kowane lokaci ba. Cikakken jifa-jifa yake zuwa, a tsakani kuma sai bayanin abin da ya motsa kawai. In cikakken ya ɓace a hanya, sai launukan baya su hau kan motsin gaba, fuska ta narke, fili ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai. Abin da ke faruwa ke nan a gidan kallon ƙwallo in hadari ya taso da damina, 'yan kallo su yi ta salati. Masu wannan fasaha da hannunsu suke cire cikakken hoton, don narkewar suke nema. Wasu kuma ba sa taɓa kyamara ko kaɗan, umarni suke rubuta wa kwamfuta: in sauti ya yi kauri layi ya faɗaɗa, in ya yi siriri ya tsinke, in an yi shiru allo ya yi baƙi. Ryoji Ikeda, shi ma Bajapane, yakan cika babban zaure da layukan fari da baƙi masu gudu a ƙasa da bango, mutane su cire takalma su shiga su zauna a tsakiyar hoton. Babu abin da ya zo bisa kuskure a irin wannan aiki. Kowace ƙara zaɓar ta aka yi, aka ajiye ta inda take.

Ana cewa kayan Turawa ne, ba namu ba. Wannan maganar ta fi ci mini rai, don tarihin bai ce haka ba. A 1944 a Alƙahira wani saurayi Bamisire, Halim El-Dabh, ya ari na'urar naɗar sauti ta wancan zamani, ya je ya naɗi muryoyin mata a wurin zar, wanda ɗan'uwan borinmu ne, ya koma ɗakin rediyo ya jujjuya sautin har ya zama wani abu da kunne bai taɓa ji ba. Shekara huɗu ke nan kafin Bafaranshe Pierre Schaeffer ya yi nasa gwajin a 1948, amma Schaeffer aka fi ambata a matsayin mafarin abin. A maƙwabta kuma, a Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset ɗin kiɗan lantarki zalla a 1978, rediyo da talabijin na Nijar suka yi shekaru suna sa kaɗe-kaɗensa a tsakanin shirye-shirye. Sai a 2013 wani ƙaramin kamfani a Amurka ya sake fitar da aikin, daga nan Turai ta fara gayyatarsa. A gida Nijeriya akwai Emeka Ogboh, mutumin Inugu, wanda ya bi titunan Legas yana naɗar ihun kwandastoci da hon da cinikin kasuwa, ya mai da su aikin da ake baje wa a manyan zaurukan fasaha na duniya.

Ko ba a je ko'ina ba, kunnen Bahaushe bai taɓa son sauti tas-tas ba. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya shahara da shi, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata. Masu garaya suna maƙala wani ƙarfe mai 'yan zobba a saman wuyanta don ya riƙa kacau-kacau a kan kowane bugu. Ganga ana ɗaura mata tsirkiya a kan fata don ta riƙa zirr. Da a ce tsaftataccen sauti kakanninmu suke so, da sun cire waɗannan, amma ƙara su suka yi, don a nan armashin yake. Iyayenmu kuma da suka tashi da Rediyon Kaduna tun kafuwarsa a 1962, a gajeren zango suka san muryar Shata da Narambaɗa, murya tana zuwa tana komawa cikin shuu da tsiwirwiri. Muryar ƙarfen nan ma ta waƙoƙin fim ɗinmu, asalinta manhaja ce, Auto-Tune, da aka fitar a 1997 don ɓoye tuntuɓen mawaƙi ba tare da an gane ba. In aka murɗa ta har ƙarshe sai ta riƙa karya murya, mu kuma karyewar muka so, har ta zama tambarinmu. Ashe mun daɗe da karɓar tangarɗa, muddin akwai baitin soyayya a kanta.

Ido kuwa ba sai an koya mana ba. Aska takwas a ƙirjin babbar riga ba hoton komai ba ce. Haka zanen hula, haka dagin Arewa, haka zayyanar allon mai sauka, haka sassaƙar ƙwarya, haka lallen amarya, haka zanen da magina suka bari a bangon gidajen cikin birnin Zariya da cikin Masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Al'ummar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana ƙawata rayuwarta da siffofin da ba na mai rai ba, bai kamata ta tsaya gaban layuka masu motsi tana tambayar ina labarin yake ba. Abin da ya ƙaru kawai shi ne zayyanar ta tashi tana tafiya.

Amma duk wannan share fage ne. Abin da ya fi damuna shi ne halin da mai haɗa kiɗa yake ciki a ƙasar Hausa.

Ba na raina waƙar yabo. Narambaɗa a fadar Isa ya yi waƙoƙin da har yau malaman jami'a ke nazari, Shata kuma ya yi wa direba da ɗan kasuwa da basarake waƙa, ya bar mana taskar harshe. Sai dai su da kalangunsu da kotsonsu suna da ƙarfin da in ubangida ya saɓa za su iya juya masa baya, har su yi masa zambo. Yaron da ke zaune a situdiyo a yau ba shi da wannan. Mawaƙi ne zai shigo da baitinsa, ya ce a yi masa irin kiɗan wane, wanda ya yi tashe a watan jiya. Mai biki yana son abin da 'yan mata za su taka. In kakar zaɓe ta kama, aiki ya samu, amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma waƙar da aka yi wa ɗan takara yau, in ya sauya sheƙa gobe, ta mutu. Shi kuwa wanda ya zauna ya haɗa sautin, sau da yawa ko sunansa ba a ambata. Na san yara masu kunne na ban mamaki, waɗanda za su iya gaya maka lasifikar hagu ta fi ta dama ƙara da ɗan kaɗan, amma sun yi shekaru suna maimaita kiɗan fiyano iri ɗaya, don shi ake biya. Ba laifinsu ba ne, abinci suke nema. Amma baiwar da ba a taɓa barin ta ta gwada wani abu ba, a hankali take dusashewa, mai ita ma ya manta yana da ita.

Kiɗan tangarɗa ba ya sayuwa a wannan kasuwa. Ba a rawar biki da shi. Ba a kamfe da shi, don babu inda za a cusa sunan jam'iyya. Ba ya tallar magani. Saboda haka duk wanda ya zauna yin sa, don sautin ya zauna, kuma a karon farko mai haɗa kiɗa ne a gaba, babu wanda ya tsaya masa a ka. Ina ganin garin da siyasa ta shiga kusan komai nasa, har waƙar da yara ke rerawa a layi, yana bukatar ɗan lungu guda inda mutum zai yi aiki ba da sunan kowa ba. Kuma daga irin waɗannan lunguna sababbin abubuwa ke fitowa su shiga babban titi. Yayyanka murya da sarƙe bugu da ake ji yanzu a manyan waƙoƙin duniya, da can a wurin waɗannan masu gwaje-gwajen aka saba jin su.

Akwai maganar addini, kuma ba zan kauce mata ba. Malamanmu sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun ba yau ba. Wanda ya riƙi cewa haramun ne, wannan ma ba zai fita daga hukuncinsa ba, kuma ba ni da matsayin da zan ja da shi. Amma mafi yawan koken da iyaye ke yi a kan waƙoƙin zamani, a kan kalaman batsa ne, da rawar maza da mata, da shigar da ba ta dace ba. A nan babu kalma, babu jiki, babu fuska. Wanda damuwarsa ke nan, ya kamata ya zama na farkon da zai ce a bar yaran su gwada.

Wani dattijo da nake girmamawa ya taɓa ce mini, "Ɗana, garin da ake fama da tsadar masara da fargabar hanya, shi ne za a zauna ana sauraron ƙarar rediyon da ya lalace?" Na ce, "Baba, gaskiyarka, amma ai ba kuɗin masarar kowa za a taɓa ba." Kayan aikin nan akasarinsu kyauta ne. Audacity na yanka sauti kyauta ne, Pure Data na haɗa sauti da sarrafa shi, da aka fara tun shekarun 1990, kyauta ne, Processing da aka fito da shi a 2001 don koya wa masu zane rubuta umarnin kwamfuta kyauta ne, Blender na haɗa hoto mai motsi ma haka. Tsohuwar kwamfutar hannu ta isa. Yaron da ya koyi sa layi ya motsa daidai da bugun sauti kuwa, lissafi ya koya da sarrafa manhaja, ko da bai san ya koya ba, kuma masu talla da masu fim da gidajen talabijin suna neman irin hannunsa. Na faɗi wannan don gaskiya ne, amma ko da bai kawo sisi ba, ra'ayina bai sauya ba. Mai zanen hula ma ba don ta fi kare rana yake ƙawata ta ba.

Su ma yaran ina da magana da su, kuma mai zafi ce. Da yawa daga abin da suke fitarwa kwafi ne. Sautukan da aka naɗa a Jamus suke saukewa daga intanet su jera, su sa wa aikin suna da Turanci, hoton kuma irin wanda ake gani a ko'ina. Wanda ya saurara ba zai san daga Kaduna ya fito ba ko daga wani gari can. Alhali kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, sun ƙi yarda su zama 'yan kwaikwayon malamansu Turawa. Suka ce za su ɗauki dabarar da aka koya musu su zuba mata zanen gidajensu, kuma abin da suka yi ya sauya fasahar zane a Nijeriya. Tafiyar sa'a guda ce daga nan zuwa inda aka yi wannan.

Kaduna kuwa ba ta rasa sauti ba. A shiga Panteka da hantsi, a tsaya tsakanin masu ƙera tukwane da masu walda, guduma goma na sauka kowace da nata lokacin, wani lokaci su haɗu wani lokaci su saɓa. Akwai masu bugun shadda, biyu-biyu suna musayar bugu ba sa karo. Akwai injin niƙa in ya shaƙe, da janareta in mai ya kusa ƙarewa, da jirgin ƙasa yana shiga tashar Rigasa, da 'yan kamasho a Kawo suna kiran Zariya da Kano, da tsofaffin masaƙun Kakuri inda a da injuna ke ruri dare da rana, yanzu sai iska ke kaɗa kwano. A hoto kuma a ɗauki aska biyu ko dagi a tarwatsa shi a sake haɗawa a gaban idon mai kallo. Wannan babu wani a Balin ta Jamus ko Tokiyo ta Japan da zai iya yin sa, don ba shi da shi. Sharaɗi biyu kawai zan gindaya. A nemi izinin mutane kafin a naɗi muryarsu ko aikinsu, kuma kada wani ya kuskura ya ɗauki karatun Alƙur'ani ko kiran salla ko waƙar coci ya yayyanka don neman burgewa. Garin nan ya san abin da wasa da abin da mutane ke girmamawa ke haifarwa.

Sannan ba kowace ƙara ce fasaha ba. Akwai mai lalata sauti don bai iya gyara shi ba, ya laɓe bayan sunan gwaji. Ana gane wanda ya iya da cewa in ka sake saurara za ka tarar da tsari, wani abu ya tafi ya dawo, an gina an rushe da niyya. Wanda bai iya ba, minti biyu ya isa ka gaji.

Akwai kuma haɗari na gaske wanda ban ji ana maganarsa ba. Haske mai walƙiya da sauri yana tayar da farfaɗiya ga wasu mutane, musamman yara da matasa, har da waɗanda ba su taɓa sanin suna da ita ba. A Disambar 1997 a Japan, wani shirin zane na yara a talabijin ya nuna walƙiyar ja da shuɗi na 'yan daƙiƙoƙi, aka kwashi yara sama da 600 zuwa asibiti. Daga baya ƙa'idar da masu talabijin da masu shafukan intanet ke bi ita ce kada walƙiya ta wuce sau uku a daƙiƙa guda. A wurinmu abin ya fi nauyi, don in yarinya ta faɗi a wurin kallo, kafin a ce asibiti an ce iska ce, kuma tabon zai bi ta har lokacin aurenta. Duk mai nuna irin wannan hoto wajibi ne ya rage walƙiya, ya kuma rubuta gargaɗi da Hausa a farkon bidiyo da bakin ƙofa. Haka siririn sautin nan mai soka kunne, in ana ji da abin kunne a ƙure shi, ji yake ci, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Bikin littattafai da fasaha da aka fara a Kaduna a 2017 ya nuna akwai mutanen da za su bar gida su zo su zauna don a karanta musu waƙa ko a nuna musu zane. Masu shirya irin waɗannan taruka, da sassan zane da na kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna, su ware maraice guda: ɗaki mai duhu, majigi, lasifika biyu masu kyau, da wutar da ba za ta ɗauke ba. Ɗalibin zane ya zauna da ɗalibin kwamfuta da yaron situdiyo wanda bai je jami'a ba, don sau da yawa shi ya fi su kunne. A gayyato makaɗin garaya ko mai kalangu, a biya shi haƙƙinsa, ya buga a naɗa a sarrafa a gabansa, ya faɗi inda aka ɓata masa. Gidajen rediyon FM da suka cika garin kuma, minti goma sha biyar a mako bayan labaran dare ya isa a fara da shi, a riƙa faɗin sunan wanda ya haɗa aikin da unguwar da ya ɗauko sautin.